Kwalta a Kan Burtalinmu

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara, ya shanu? Ina lafiya, sai sanyin Landan.

Jiya a wurin aikinmu da ke unguwar Marylebone muna tsara faɗaɗa wurin shaƙatawa na bakin dam ɗinmu na gida. Baturen da ke zanen yana neman inda motoci za su bi da baƙi daga sabon otal zuwa filin lilo. Ya ɗora yatsa kan burtalinmu a taswira, ya ce, "Akwai masu bi nan?"

Kawu, kunya ta hana ni cewa shanunmu ne. Na ce babu. Nan take ya ja layin kwalta.

Gobe zan koma in warware, in zai saurara. Ka sa ni a addu'a. A gaida Inna, amma kada ta ji tukuna. Ta burtalin nan ta rako ni ranar tahowata.

Ɗanka,
Sule