Zuma da Zargin Wanzami

Malam Salihu, ka taimake ni don Allah, kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani. Na ji fatake suna cewa duk wanda ya aiko maka da takarda Birnin Kudu kana ba shi amsa ba tare da ka tona sunansa ba, shi ya sa na ba madugun ayarin Gwaram wannan takardar.

Ni mai amya ne a Fagam, zuma ce sana'ata. Shekararmu goma sha ɗaya da matata Mero. Mace ce mai dariya, in ta ci fure da goro haƙoranta suka yi ja, har daga maƙwabta ake leƙowa. To tun bayan girbi ta canza mini. In na yi mata magana sai ta kau da kai, ta sa gefen zane ta rufe baki. Ta daina cin abinci a gabana. Ta rame, ba ta rabuwa da randa, ba ta rabuwa da buta. Na ce ko tunanin wani ne yake cin ta.

Ashe kuwa akwai wanin. Sau uku ana ganinta a zauren Barau wanzami, ita da goggonta Hawwa, alhali ta ce mini gaisuwa za su. An ce har baki take buɗe masa. Barau fa, mai ƙeya kamar ƙoƙo! Ni ake rufe wa baki, shi ake buɗe wa. Wallahi Malam, in na tuna haka sai in ji kamar ƙudan zumana ne suka shige mini riga. Na kuma lura duk inda ta kewaya, kiyashi sai ya taru a wurin, abin da ban taɓa gani ba. Asuwakinta kullum ja, ga shi ta daɗe da barin fure. In ba asiri ba, mene ne wannan?

Na yi ƙoƙarin jawo hankalinta. Zumar da ta fi kyau, farar saƙa, ita nake ware mata, kullum safe in dama mata da fura in tsaya sai ta shanye. Tana sha tana hawaye. Ina son matata, amma kishi ya hana ni sakat. Na yanke in sallame ta bayan Sallah. Ko in fara da fasa wa Barau kai?

Mai Amya, daga Fagam

Mai Amya, ajiye sandar nan tukuna, ka zauna.

Na karanta takardarka sau biyu, ban ga kwarto a ciki ba, mara lafiya na gani. Yawan ƙishirwa, yawan fitsari, rama, da kiyashin da ke bin inda ta kewaya, duk alamun ciwon sukari ne, wato zaƙi ya yi yawa a jiki har yana fita ta fitsari. Ciwon nan yana taɓa baki ƙwarai. Yawu ya ƙafe, dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, numfashi ya canza. Jan da ke kan asuwakinta jini ne. Bakin da take rufe maka kuwa, kunya ce, tana tsoron ka ji wari ka ƙi ta. Neman maganin baki ne ya kai ta wurin Barau, can ba ta jin wannan tsoron, domin shi haƙori kawai yake dubawa.

Tana da nata laifin, bai kamata ta ɓoye maka ba, balle ta ce gaisuwa za ta. Amma ka tambayi kanka wace irin fuska kake shigo mata da ita, har ta ga gara goggo da kai. Tun bayan girbi kana ƙirga sawunta, ba ka taɓa cewa sannu ba.

Abin da zai fi maka zafi shi ne, zumar nan da kake ɗura mata don so, ita ke ƙara rura ciwon. Daga yau a daina. Haka rake da alewa, tuwo da fura ma a rage, a yawaita wake, zogale da rama. Ta riƙa asuwaki mai laushi bayan kowane cin abinci, a hankali, tana kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Fure ya ci gaba da hutawa. Ka je da kanka ka gaya wa Barau kada ya yi gaggawar cire mata haƙori, domin rauni a jikin mai wannan ciwo yana daɗewa bai warke ba. Sannan ka kawo mini ita in gan ta. Ba zan yi maka alkawarin rabuwa da ciwon ba, amma da kiyayewa ana samun sauƙi.

Farar saƙar da ka ware, kai wa Barau, ya cancanta, tunda kansa ka so fasawa. Ita kuma Mero, ka matsa kusa da ita, ka sauke zanen nan daga bakinta da hannunka, kuma kada ka kau da kai.

Allah ya ba ta lafiya, ya maido muku da dariyarta.

Malam Salihu, Birnin Kudu, Sha'aban 1291