Rauda Ta Yi Magana a Zauren Maigari

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Manu, ƙanen marigayi mijina, ya zo da hantsi. Ko tabarma bai taka ba. Wai gonar bakin rafi da ta faɗo wa ɗiyata Rauda a rabon gado shi zai riƙe mata, tunda kurma ce. "Yaya Sa'a, ai ita da ƙaramin maraya duk ɗaya ne, sai da wakili." Mace mai shekara ashirin da shida! Na ce ya je ya maimaita gaban maigari. Ya ce zai je. To, a je.

Rubutun nan duk ya karkace. Biron ne ba shi da kyau.

Laraba, 8 ga Mayu

Rauda na shekara bakwai sanƙarau ya tafi da jinta. Da ta dawo daga makarantar kurame da rubutu a hannu, ni ko baƙi ɗaya ban sani ba. Na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da furfura, matan garinmu Dudunni na ta dariya, wai tsohuwa da fensir. Ban fasa ba. Ɗiyar fari ce, ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, amma shi na fara koyon rubutawa.

Asibiti, kasuwa, gidan suna, ni ce bakinta. Yau Manu zai ce ba ta da mai tsaya mata?

Asabar, 11 ga Mayu

Maigari ya sa zama ranar ashirin ga wata. Manu ya kawo sharaɗi: kada ni in fassara maganar hannunta. "Wa ya sani ko ita ke faɗi ko uwar ke ƙirƙira?" A gaban mutane ya faɗa. Maigari ya ce maganarsa tana kan hanya.

Ni ke ƙirƙira. Ni.

Lahadi, 12 ga Mayu

Tuwo ya kwana a kwano.

Talata, 14 ga Mayu

Mun je Kankia. Rauda ce ta ja ni, ban ma san ta san wurin ba. Shagon Kola ne, Bayerabe mai buga takardu kusa da tasha. Ɗiyarsa Vero a nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu. Ta haɗa wayar Rauda da kwamfuta. Abin da Rauda ta danna a waya sai ya fito a allo da manyan baƙaƙe, kowa na gani. Abin da mutum ya faɗa da baki Vero ta buga, ya shiga wayar Rauda nan take.

Vero ta ce, "Mama, ce wani abu mu gwada." Na ce sannu. Ita da Rauda suka yi ta rubutu suna ƙyalƙyala dariya. Kafin in haɗa layi ɗaya, uku sun wuce. Na kama "Baffa Manu" da "hularsa" kawai. Na tambaya, Vero ta ce, "Mama, ɗiyar nan taki ba ta da dama!"

Ban san tana da ba'a haka ba. A gida shiru-shiru take. Ko da yake ba a daɗe ana hira da hannu ana tuƙa tuwo.

Alhamis, 16 ga Mayu

Manu ya ji labari. Yana yawo majalisa wai inji za a kawo ya ba da shaida, kuma baƙuwa za ta rubuta abin da ta ga dama. Maigari ya ce Malam Sharafaddeen magatakarda zai zauna gefen Vero ya duba kowane layi, shi zai karanta wa jama'a. Rauda kuma ta riƙe waya a fili.

Ya sake kawo wani sharaɗin mu gani. Ina jira.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na kai waya caji sau biyu. In sabis ya ɗauke fa? In Vero ta makara? Na ce wa Rauda in an tambaye ta wa take so ya zama wakilinta, ta rubuta Inna, shi ke nan, kada ta ja. Ta dube ni, ta ci gaba da tsintar wake.

Litinin, 20 ga Mayu

Sai na rubuta abin da ya faru duka, ko zai sauka daga ƙirjina.

Zaure ya cika, har ta taga ana leƙe. Aka ɗora kwamfutar kan turmin da aka kife. Manu ya yi jawabi mai tsawo, Vero na bugawa, Rauda na karantawa, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ya ce kurma ba za ta iya ciniki da masu garma ba, ba ta ma san iyakar gonar ba. Sai yatsun Rauda suka fara danna waya. Malam Sharafaddeen ya karanta: daga ɗorawar gabas zuwa tsohuwar rijiya, daga rafi zuwa shingen aduwa, kuma shingen ya matso taki huɗu tun bayan rasuwar Baba. Zaure ya ɗauki guna-guni. Manu ya gyara hula. Daɗi ya kama ni har na kusa yin guɗa.

Manu ya ce in haka ne, me ya hana ta faɗi ranar rabon gado? Ai gaisuwa kawai ta aiko.

Malam ya karanta amsar, ya ɗan tsaya a tsakiya. "Na faɗi. Na ce shinge ya matso. Inna ta ce muku ina gaisuwa."

Kowa ya juyo. Na ja mayafi.

Maigari ya ce, to, wa take so ya tsaya mata, Baffanta ko mahaifiyarta?

"Ranka ya daɗe, ba na son wakili. Ba Baffa ba, ba Inna ba. Ga lambata, mai magana da ni ya rubuto."

Wannan ban jira Malam ba. Da kaina na karanta a allo, baƙi bayan baƙi, ina fata na yi kuskure.

Gona ta zama tata, a hannunta. An ce Manu ya mayar da shinge kafin ruwa ya sauka. Mun ci. Mun dawo gida tana gaba ina baya.

Talata, 21 ga Mayu

Ban ɗaga mata hannu ba yau. Ita ma.

Alhamis, 23 ga Mayu

Ranar rabon gado, ana cikin zaman makoki, za a ce wa ƙanen uba ya ci iyaka? Wace uwa ce za ta fassara wannan? Kare ta na yi. Ba zan ba kowa haƙuri ba.

Na zauna ina tuno sauran. Ranar da ta ce wa nas allurar nan ba ta karɓe ta ba, na ce ta gode. Ranar da wani telan Kusada ya aiko neman aure, ban ma gaya mata ba sai bayan shekara. Suna da yawa. Na daina tunowa.

Duk da haka kare ta na yi.

Asabar, 1 ga Yuni

Ruwa ya sauka jiya, mai kyau. Ta fita da sassafe duba shinge, ita kaɗai. Ban bi ta ba, ƙafata ce ke ciwo.

Bubayero mai garmar shanu ya yi sallama a ƙofar gida. "Inna Sa'a, gonar bakin rafi, gero za a yi wa huɗa ko wake? Kuma yaushe?" Na san amsa. Gero, ranar Talata, haka ubanta yake yi. Har na buɗe baki.

Na shiga ɗaki na yage gefen takardar nan, na rubuta masa lambarta. Ya ce shi karatunsa ba nisa. Na ce nawa ma ba nisa, ya je ya lallaɓa.

Da azahar ta dawo, laka har gwiwa. Wake ta zaɓa. Ni dai da ni ce, da gero na sa.