Karen da Ba Ya Hawa Bene

Rosignol, Berbice

Zuwa ga yayata, Bubu Shamiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya ke da maigidanki Nizam, kuma sanyin Toronto bai daskarar miki da bakin faɗa ba. Mu nan lafiya lau, ban da 'yarki Nafiza. Ba zan ɓoye miki ba, tun da kuka tafi ta kafa kujera a tagar sama tana kallon titi. Ba ta saukowa wasa, gurasar roti ma sai ta gutsiri gefe ta ture. Abu ɗaya ta roƙa: kare, irin mai murtukakkiyar fuskar nan da ake kira buldog.

Kin san kakarmu Nani. Cewa ta yi, "Kare a gidana? Mala'iku su bi ta ina?" Na je na tambayi liman, ya ce karen gadi ya halatta muddin a waje zai zauna. Na ce ai kuwa muna da agwagi. Da ƙyar Nani ta yarda, bisa sharaɗi biyu: kada ya taka matakalar bene, kada kuma yawunsa ya taɓa kayan sallarta.

Na haye gadar kogin Berbice zuwa wurin Kawu Basdeo mai kiwon karnuka. Bubu, ashe su ma ƙabila-ƙabila ne! Na Faransa ɗan ƙil, kunnuwa a miƙe kamar jemage. Na Amurka dogo, ƙirji irin na masu saran rake. Na Ingila kuwa gajere, kumatu a zube, sak alƙalin da aka hana abincin rana. Na tambayi Kawu wa ya danne musu hanci haka, ya ce mutane ne. Na ce don me? Ya ce, "Je ka tambayi Turawa, sarkin surutu."

Don in auna yawunsu, na sa farin wando na zauna a tsakiyarsu. Na Faransa ɗigo biyu kacal. Na Amurka ya yi tsalle ya kusa kai ni ƙasa, na tabbata agwagin da zai yi gadinsu su ne abincinsa, shi dai na soke shi. Na Ingila ya ɗora haɓa a cinyata, kafin in ce tak ya jiƙa ni har gwiwa. Wandon Idi ne na Nizam, wanda ya bari a akwati. Ki lallaɓa ki gaya masa.

Yanzu saura biyu, kaina ya ɗaure. Ki taya mu da addu'a.

Ƙanenki,
Imtiyaz

Zuwa ga Bubu Shamiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Nizam in ya huce. Wasiƙarki ta iso, zagin ma ya iso lafiya.

Kin ce a ɗauki na Faransa tunda ya fi tsabta, ni ma can na karkata. Amma na roƙi Kawu Basdeo ya kawo su biyun gida a gwada sharaɗi na farko. Na ɗora cinyar kaza a tsakiyar matakala. Na Faransa ya sure ta bai ko tsaya ba, ya zarce sama, sai ga shi a ƙofar ɗakin Nani. Da tsintsiya ta rako shi, tana cewa, "Imtiyaz, ɗan banza, da kai da shi duk ku fita!"

Na Ingila ya miƙa ƙafa ɗaya kamar zai hau, ya ɗaga kai ya ƙare wa benen kallo, ya yi ajiyar zuciya, ya koma ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙan da suka ɗaga shi sama, ya baje a inuwa kusa da lilo. Nani ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Wannan ya san matsayinsa. Yawu kuwa, ai ruwa bai ƙare a Berbice ba."

Duk abin nan Nafiza na leƙe ta taga. Ta ce da ni, "Mamu, kawuna, kawo min shi sama." Na ce, "Ko ni ban isa ba, Hajiya, cikinsa ya fi ƙarfin ƙafafunsa." Can sai muka ji takunta a matakala, a hankali, har ƙasa.

Tun ranar a can take wuni. Zafi na wahalar da shi, don haka tana masa fifita da murfin tukunya. Roti tana cinye rabi, rabi nasa. Ta sa masa suna Alƙali. Gadi kuwa, jiya na tarar da agwagwa ta yi matashi da shi. Har yanzu ina mamakin yadda yake minshari ido biyu.

Kujerar taga Nani ta mayar da ita kicin. Nafiza ta ce in tambaye ki, gidanku na Toronto yana da bene? In yana da shi, wai ku canja wani kafin ku zo ɗaukarta, don Alƙali ba ya hawa.

Nani na gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Imtiyaz