Maigidana Ya Koma Duba Wuyansa da Tiyo

Anti, don Allah ki taimake ni kafin ranar Laraba ta mako mai zuwa. Da dariya na ɗauko biro, amma a tsorace nake.

Maigidana bakanike ne, shekara talatin yana gyaran mota. A gareji Mai Kunne suke ce masa, don da jin kukan inji yake gane ciwonsa. Mota za ta shigo ko bonet ba a buɗe ba, ya faɗi abin da ke damunta, kuma a duba a tarar haka ne.

Wata shida da suka wuce muna karyawa, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai yi magana, harshen ya sarƙe. Minti goma abin ya wuce, har ya tashi yana neman makullinsa. 'Yarmu ta fari ce ta tsare ƙofa, ta ce sai asibiti.

Likita ta ce gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ne, ta tura mu hoton jijiyoyin wuya, waɗanda ke kai jini ƙwaƙwalwa. Aka kwantar da shi, aka shafa masa wani mai mai sanyi, mai ɗaukar hoton ta ɗora masa 'yar na'ura a wuya. Allo ya nuna jini yana gudu, ja da shuɗi, ga kuma ƙararsa tana fitowa fuu, fuu. Ta duba dama, ta koma hagu, sai mutumina ya ɗaga yatsa daga kwance ya ce wannan ɓangaren yana fito, akwai inda ya matse. Baiwar Allah ta tsaya tana kallonsa, sannan ta fashe da dariya. Ashe gaskiyarsa ce. Jijiyar hagu ta ɗan tsuke, amma likita ta ce bai kai a yi aiki ba. Ta ba shi magunguna, ta ce a dawo a sake hoton bayan wata shida.

Anti, ban taɓa farin ciki irin na ranar ba. Ya bar taba, yana shan magani ba fashi, da ƙafa yake zuwa aiki, har tumbin ya zube. Labarin kuwa babu wanda bai sha ba. Nan ne laifina, don ni na fi kowa zuga shi. Ƙannena, maƙwabta, har mai kawo mana ruwa, duk na gaya musu mijina ya riga na'ura gano ciwonsa.

To, ga abin da na jawo. Ya yanko guntun tiyo, irin wanda yake karawa a inji yana saurare. Kowace safiya zai tsaya gaban madubi, ya danna bakin tiyon ɗaya a wuya, ɗayan a kunne, ya lumshe ido, sannan ya sanar da mu cewa inji lafiya lau. Jikokinmu har layi suke yi a duba su. Yanzu ranar komawa asibiti ta matso, Larabar nan ce, ya kafe ba zai je ba, wai me na'ura za ta gaya masa da bai ji ba.

Na yi tunanin in ce ni ce ba lafiya, in ya raka ni asibiti sai in miƙa katinsa na ganin likita. Ban taɓa yi masa ƙarya ba. Ba na kuma son in rage masa jin daɗi, ya daɗe bai yi walwala haka ba. Yaya zan yi?

Matar Mai Kunne

'Yar'uwa,

Barka da arziki, ke da maigida, kuma a gaishe min da 'yar nan da ta tsare ƙofa. Da yawa irin wannan minti goman ke zo musu, su share, sai babban ya biyo baya.

A ba mutuminki haƙƙinsa. Idan jijiya ta tsuke, jini yakan ƙara gudu a wurin, ƙararsa ta yi tsini, kuma kunnensa ya kama hakan. Amma ta cikin na'urar ya ji, ita ta ɗauko sautin ta ƙara masa ƙarfi. Kuma na'urar ba saurare kaɗai take yi ba. Tana auna saurin jinin, tana nuna kitsen da ya taru a bangon jijiyar, a ga ko ya ƙaru. Na tambayi wata likita, ta ce jijiya na iya tsukewa sosai ba a ji komai daga waje ba. Ta ƙara da cewa ya daina danna wuyan, don jijiya mai irin wannan matsala ba a matsa ta. Tiyon ya koma gareji yau ɗin nan.

Batun ƙarya ki ajiye shi. Zai gano, kuma gobe idan da gaske ba ki da lafiya sai ya tsaya tantama. Zugar da kika yi ma ba laifi ba ne, murna ce. Kuskurenki ɗaya: dariyarki kawai kika nuna masa, kika ɓoye tsoron. Shi a ganinsa kowa ya yarda ya warke.

Ki samu lokacin da jikoki ba sa nan, ki gaya masa a fili cewa kina tsoro, kuma kina son ki tsufa da shi yana kan ƙafafunsa. Ki tambaye shi ko yana sallamar motar da ya gyara ba tare da ya sake gwada ta ba. Maganinsa kada ya tsaya. Idan kuma fuska ta karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ido ɗaya ya dushe, asibiti nan take, ko da abin ya wuce.

In duk da haka ya ƙi, kada ki yi faɗa. Ranar Laraba ki yi kwalliyarki, ki ɗauki katinsa, ki je ki tsaya a bakin gareji. Duk wanda ya tambaya, ki ce mijinki kike jira ku je asibiti. Ba na jin zai bar ki tsaye a rana gaban abokan aikinsa har ki gaji.

Allah ya sa a ga alheri a hoton, ya bar ku tare shekaru masu yawa.

Antinku