Dashen Lemon da Na Kulle a Ɗaki

Yaya Buba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya iyali, yaya aikin mai a Fatakwal? Mu a Shamaki sai godiya.

Dashen lemon da ka bar mini amana ya mutu. Tausayinsa na ji saboda zafin rana, na kulle shi a ɗaki ina ta ɗura masa ruwa, har ganyen ya koɗe. Maƙwabcina Malam Bitrus ya ce, "Sale, koren ganye shi ke kama hasken rana ya dafa wa itace abinci. Da yunwa ka kashe shi!" Ashe ilimin 'yan aji uku ne ya kuɓuce mini.

Na zaga Gombe, babu irinsa. Gonar tsufanka, inda ka so a dasa shi, tana nan fayau, bashin dashenka kuma yana wuyana. Ka gaida yara, a sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Sale