Ƙorafi Kan Zare Faifai Mai Lafiya Daga Akwatin Hotuna

Zuwa ga: Daraktan Gudanarwa na Asibiti
Daga: Mai Kula da Ɗakin Adana Hotunan Majinyata
Rana: Litinin, 13 ga Mayu, 2024

Game da: Ɓarnar da aka yi wa akwatin ajiyar hotuna, da shirin goge shi ranar Laraba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kokena kamar haka. Shekarata goma sha tara a ɗakin nan ban taɓa kai ƙarar kowa ba, amma yau an kai ni bango.

1. Duk hotunan majinyata na shekara shida suna cikin akwati ɗaya mai faifan SSD takwas. An tsara shi yadda in faifai ɗaya ya mutu ba a rasa komai, in biyu suka fita kuwa sai addu'a.

2. Ranar 2 ga Afrilu fitilar akwatin ta koma ja, wasu fayiloli suka ƙi buɗuwa. Na rubuta wa Sashen Kwamfuta. Injiniyansu ya zo, ya kashe ƙarar gargaɗin, ya manna salatif kan fitilar, ya ce hasken ne ke tayar mini da hankali. Na sake rubutawa sau uku, ko ta kaina ba su bi ba.

3. Ranar 9 ga Mayu ya dawo da sabon faifai. Allon kwamfuta ya nuna faifai mai lamba uku ne ya lalace. Ita na'urar daga sifili take fara ƙirga, don haka mai lamba uku shi ne na rami na huɗu. Wanda ya kafa akwatin ya rubuta wannan a jikin ƙofarsa. Na nuna wa injiniyan rubutun da yatsana, ya ce in tsaya a kan aikina. Ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya zare mai lafiya ya bar mara lafiya. Da komai ya tsaya cak, sai ya sa na'urar ta gyara tsarin fayilolin a haka, ba tare da ya kwafi komai ba. Yanzu rabin fayilolin ba su da suna, sai lambobi. Kwafin da Sashen ke cewa suna yi duk mako kuwa, na ƙarshe na watan Nuwamba ne.

4. Yau aka aiko mini da takarda cewa jibi za a goge akwatin a fara sabo. Yallaɓai, akwai wata malamar makaranta, uwar yara uku, da aka sa ranar Juma'a za a yi mata tiyatar cire ƙari a cikin kanta. Likita ya ce ba zai taɓa ta ba sai ya gwada hoton Janairu, wanda ke cikin akwatin nan, da na yanzu, ya ga inda ƙarin ya nufa. Mijinta ya zo tagata sau huɗu, kullum ina ce masa gobe. Kunya ta ishe ni, raina kuma a ɓace yake matuƙa. Ana iya ɗaukar sabon hoto kowace rana, amma ba mai iya mayar da matar nan watan Janairu.

Don haka ina roƙo cikin ladabi a dakatar da gogewar, a kira ƙwararre daga waje ya kwafi kowane faifai kafin a taɓa komai, a kuma hana wannan injiniya kusantar akwatin.

Ina kuma sanar da kai, don kada ka ji a bakin wani, cewa faifan da ya zare ya jefa cikin kwalin shara na ɗauko shi, na kashe akwatin, na kulle ɗakin. Na san ba hurumina ba ne, kuma na yarda da duk horon da ka ga ya dace. Makullin yana jakata. In har za a goge, sai dai ka sauko da kanka ka karɓa, bayan ka tsaya a tagata ka yi wa mijin bayani.

A huta lafiya, ranka ya daɗe.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Mai Kula da Ɗakin Adana Hotunan Majinyata