Katin Ramlatu a Hannun Mushe

Zinder, 3 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Safiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya masu ciki na asibitin Gouna? Tun da wayarki ta mutu kin ƙi gyarawa, sai ki karanta rubutuna ko kina so ko ba kya so.

Albishirinki: na ajiye keken ɗinki da yamma, ina koyon Ingilishi! Wani baƙo ne, Mushe Rashid, wato Malam Rashid da Faransanci, ya kama ɗaki a unguwar Zengou yana koya wa 'yan mata kyauta. Ya ce wadda ta iya zai samo mata aikin otel a ƙasar waje, can kuma Faransancinmu na lakwal, makarantar boko, ba ya sayen ko ruwa. Sati biyu ke nan muna kan kalma ɗaya, "give", wato bayarwa. Ba baƙo ruwa, ba yaro magani, ba mutum hanya, ba da haƙuri, duk da ita ake yi. Na cika rabin kaye, littafin rubutuna. Jiya na ce wa Baba ya ba ni goro da Ingilishi, ya yi dariya har allurar dukancinsa ta faɗi.

Shi da kansa ya raka ni ranar farko, ya kai goro, ya ce wa Mushe, "Ga ta nan, amana na ba ka," kamar yadda ya kai mu makarantar allo. Na ji kunya, amma na ji daɗi.

Ƙanwarki mai harshe uku,
Ramlatu

Gouna, 10 ga Janairu

Ramlatu,

Bayan gaisuwa. Na karɓi takardarki hannun direban motar kasuwa. Harshe uku, madalla, saura hankali ɗaya.

Wa ya san mutumin nan a gari? Ɗan wane gida ne? Me ya sa 'yan mata kawai, me kuma ya sa kyauta? Malaman da Baba ya kai mu wurinsu, ya san kakanninsu. Ki rubuto min jimlolin da yake sa ku haddacewa, da fassararsu, kar ki tsallake ko ɗaya. Raina bai kwanta ba.

Ki gai da Baba.
Yayarki, Safiya

Zinder, 19 ga Janairu

Yaya,

Ina gaishe ki. Ke dai kowa ɓarawo ne a wurinki har sai ya mutu. Ga jimlolin wannan satin: Na ba shi katina da kaina. Mahaifina ya ba da izini. Ba wanda ya tilasta ni. Ki ba uwargida wayarki. Mushe ya ce haka ake amsa tambaya a filin jirgi, don haka kowacce ta tsaya jikin bango ta faɗa, shi kuma yana ɗaukar hoto mai motsi don gyaran lafazi. Ya ce nawa ya fi na kowa fita.

Don mu gane kalmar sosai, kowacce ta kawo katinta na ɗan ƙasa da takardar haihuwa ta miƙa masa tana faɗin jimlar. Suna cikin jakarsa, zai yi mana fasfo da su.

Abu ɗaya ne ya ɗan taɓa ni. Lubna da muke zama benci ɗaya ta ce a maida mata nata, za ta karɓi saƙo a gidan waya. Bai yi faɗa ba. Ya dube ta kawai, ya daɗe, sannan ya ce ba mu zo wannan darasin ba tukuna. Tun ranar ba wadda ta ƙara tambaya. Ni ma ban tambayi nawa ba.

Taki,
Ramlatu

Gouna, 21 ga Janairu

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya. Baba, ka gafarce ni, zan yi magana ba kwana-kwana. A nan na karɓi haihuwar wata yarinya da ta tafi irin wannan aikin. Shekara uku tana wanki a gidan da ba ta san sunan garinsa ba, takardunta na hannun wani. Da iyayenta suka kai ƙara jandarma, aka nuna musu hotonta tana cewa da yardarta ta tafi.

Ka je yau ka karɓo katin Ramlatu, ka hana ta fita. Na san abin da ke ranka, cewa dattijo ba ya janye amanar da ya bayar gaban mutane. Ka janye, Baba. Ni kaɗai ce a asibiti sai Alhamis, ina jin tsoro ƙwarai.

'Yarki mai biyayya,
Safiya

Zinder, Laraba

Safiya,

Bayan sallama. Maƙwabcinmu Mustafa ke rubuta min. Na je wurin Mushe. Ya shimfiɗa min tabarma, ya zuba min shayi, ya tara mutanen layin yana cewa su ga uba mai cika magana. Kunya ta hana ni tambayar katin a gabansu. Na yi masa godiya na taso.

Da na koma da safen nan na tarar an kwashe 'yan matan, har da Ramlatu, zuwa wani gida, wai na shirin tafiya. Mai gadi ya ce bai san inda yake ba, mota kuma gobe bayan asuba.

Kar ki jira Alhamis. Ki rufe asibitin ki taho.

Mahaifinki,
Zakari